Birkin durom ko na faifai a bayan motar da kake haɗawa da hannunka?

Ɗan'uwa, ga yadda na fahimci tambayarka. Kana haɗa ƙaramar mota mai kujera biyu irin zubin Lotus Seven a garejin gidanka a Ingila, tsohuwar Ford Sierra ka farke kake ɗibar kaya, ita kuwa da birkin durom ta zo a ƙafafun baya. Abokai suna ta zuga ka ka watsar da shi ka nemo na faifai irin wanda ke jikin XR4x4, samfurin Sierra mai ƙarfi. Wanne za ka ɗaura? Ni dai shawarata ka riƙe durom ɗinka, in ba filin tsere ka nufa da motar ba.

Fara duba nauyi. Sierra ta haura tan guda kafin kowa ya shiga cikinta, an kuma yi mata wannan durom ne don ya tsayar da ita da mutum biyar da kayansu a but. Motar da kake haɗawa da wuya ta wuce kilo 600. Ka ga ke nan birkin da ya ishi uwar ya yi wa 'yar yawa ma. Duk sanda ka taka birki nauyin mota gaba yake zubawa, tayoyin baya su yi sakayau. Gaskiya ne irin wannan mota ƙasa-ƙasa take, direba kuma kusan a kan akisil ɗin baya yake zaune, don haka bayanta ya fi na motar gida ɗaukar aiki, amma duk da haka gaba ke da kaso mafi tsoka. Abin tsoro a nan ba ƙarancin birkin baya ba ne, yawansa ne. In tayoyin baya suka riga na gaba ƙamewa, gindin motar zai zagayo ya wuce kanta, kai kuma sitiyari ba zai cece ka ba. Masu gwajin IVA, wato binciken da hukuma ke yi wa motar da aka haɗa da hannu, wanda ya maye gurbin tsohon gwajin SVA a 2009 kuma dole ka ci shi kafin a ba ka lamba, suna auna wannan rabo tsakanin gaba da baya, kuma mota tana faɗuwa a kansa. Wanda ya ɗora faifai da kalifa (ƙarfen da ke matse faifan) na mota mai ƙarfi a baya, sau da yawa sai ya koma yana neman bawul ɗin da zai rage musu ƙarfi. Ya sayi birki da kuɗi, ya sake biyan kuɗi don ya raunana shi.

Faifai na da nasa, ba zan danne masa haƙƙi ba. A fili yake, iska na dukansa, zafi ba ya taruwa. Durom kuwa rufaffe ne, in ya sha taka-taka babu hutu sai ya ɗau zafi ya buɗe kaɗan, feda ta riƙa nisa, birki ya yi rauni a ƙafarka. Mai zagaye filin tsere yana shiga kwana da gudu kowane daƙiƙa ashirin zai ji wannan. Canza fad, wato abin da ke gogar faifan, ma aikin minti kaɗan ne, kana ganin abin da ya rage ta cikin wili. Sannan akwai ado: faifai a bayan wilin alminiyom ya fi tsatsattsen durom kyan gani, da yawan masu zuga ka ma wannan ne dalilinsu na gaskiya, ko ba su faɗa ba.

Inda durom ya yi wa faifai fintinkau shi ne birkin hannu. A cikin durom akwai takalma biyu masu gogar jikinsa; takalmin da ke gaba, juyawar durom ɗin da kanta ke ƙara cusa shi jikin ƙarfe, shi ya sa ja kaɗan yake riƙewa gam. Kalifar baya ta Sierra kuwa dabarar birkin hannunta a cikinta take, kuma ta yi ƙaurin suna wajen cijewa in ta tsufa, ga shi an daina ƙera motar tun 1993. Fistin ɗinta ba a tura shi da ƙarfi, murɗa shi ake yi ya koma ciki. A wasu firem ɗin kuma sai ka tarar kalifar ta zauna a karkace, bakin cire iska daga man birki ya koma ƙasa, dole ka kwance ta ka ɗaga ta sama kafin iska ta fita. Birkin hannu shi ma ana auna shi a gwaji. Ta fannin kuɗi babu haɗi: takalma, sifirin da tukunyar mai (silindar da ke tura takalman) sababbi ba su kai rabin abin da za ka kashe kan kalifa biyu, faifai biyu, maɗauri da sabuwar wayar birkin hannu ba.

To in ka tsaya kan durom, ga inda ake tuntuɓe. Sierra ta zo da girma biyu, inci 8 da inci 9, kuma kayansu ba sa shiga juna, ka auna cikin naka kafin ka yi oda. Ƙaramin ya wadatar. Tukunyar man ma faɗinta kala-kala ne, mai faɗi ta fi matsawa, don haka lallai hagu da dama su zama lamba ɗaya, in kuma baya ya yi ƙarfi da yawa, komawa ƙaramar tukunya ita ce hanya mafi araha ta gyara rabon. Farantin da komai ke zaune a kai akwai na hagu akwai na dama, tukunya a sama, bakin cire iska a saman bututun mai. Kada ka kwance ɓangare biyu lokaci guda. Ka bar ɗaya a haɗe ya zame maka allo, ka kuma ɗauki hoto kafin ka taɓa sifirin ko ɗaya, don mayar da su a juye abu ne mai sauƙi. Babban notin hob (cibiyar da taya ke zama a kai) na hagu haƙoransa a baibai suke, ta dama ake kwance shi, mutane da yawa sun ɓata hannu suna ƙara ɗaure shi.

Ka kula da ɗan ƙarfen nan mai haƙora da ke matso da takalma da kansa yayin da suke cinyewa. Yawancin durom da ake zagi da rashin kamu, shi ne ya cije. Wanke shi, ka tabbata yana motsi, ka ɗan shafa maiko mai jure zafi a wuraren da takalmi ke gogar faranti, amma ko ɗigo kada ya taɓa fuskar takalmin. Ka saki wayar birkin hannu gaba ɗaya, ka cire iska, ka yi ta taka feda har ka daina jin ƙas-ƙas ɗin yana matsawa, sannan ka ɗaure wayar. Wanda ya fara da waya zai samu feda mai nisa ya yi ta zargin masta, famfon da feda ke tura man birki da shi, a banza. Ƙurar da ke cikin tsohon durom kuma kada ka hure ta da iskar kwamfaresa, tsofaffin takalma na iya ƙunsar asbestos mai cutar da huhu, ka jiƙa ta da maganin wanke birki ka goge.

Abu na ƙarshe da ya shafi gwajin: in feda mai masta biyu ka saka, wadda ake daidaita rabon gaba da baya da sanda, sai ka kulle sandar yadda ba za a iya murɗa ta ba bayan ka gama saiti, in ba haka ba masu gwajin za su dawo da kai. Sababbin takalma kuma ba sa kamu sosai sai sun zauna a jikin durom, tun da motarka ba ta da lamba tukuna, ka nemi fili mai zaman kansa ka ɗan zagaya kana takawa a hankali kafin ranar.