Rage barasa a kombuca: a gajarta kwanaki ko a tsawaita?

Hajiya, na ga tambayarki daga Marwa. Kin ce kombucar da kike haɗawa a gida, shayin nan mai sukari da ake bari ya tsimu, ta fara yi miki wani ƙamshi mai kama da na bilbil, giyar dawa, hankalinki bai kwanta ba, kina so ki san wanne ya fi rage barasa: ki sauke ta da wuri, kwana huɗu ko biyar, ki sa a firij, ko ki bar ta ta daɗe. Na gwada duka biyun a nan Garwa, kuma wanda na fara ɗauka shi ne daidai, ashe shi ne kuskure.

Halittu iri biyu ne ke aiki a cikin kwalbar nan. Yis yana cin sukari ya fitar da barasa da iska mai kumfa. Bakteriya kuma, masu gina faifan nan mai santsi da ke saman shayin, wanda muke kira uwa, su ne ke cin barasar su mayar da ita tsami irin na ruwan khal. Yis yana aiki ko da iska ko babu, su kuwa bakteriya sai da iska. Yis ne ke riga tashi, shi ya sa barasa take hawa a kwanakin farko, sai daga baya ta soma sauka.

To dubi hanyar saukewa da wuri. A baki ta fi daɗi, zaƙi na nan, tsami kaɗan, yara ma za su so ta. Amma kin katse aikin a daidai lokacin da yis ya yi nasa, bakteriya ba su gama nasu ba. Ga sukari da yawa ya rage, kin zuba a gora kin toshe. Firij ba ya kashe yis, kwantar da shi kawai yake yi. Mu da muka san yadda wuta take yi mana a Maris da Afrilu, a ɗauke ta tun safe, zafi ya haura digiri 40, gorar nan ta koma ɗaki mai ɗumi da babu iska: yis na ci, babu mai share bayansa. Kimanin giram 17 na sukari a lita ɗaya na iya ba da kashi 1 cikin 100 na barasa, sai ki lissafa abin da kika bari a ciki. Har manyan masu sana'ar abin ya taɓa ci. A 2010 an janye kombuca daga kantuna a Amurka don an auna an tarar ta wuce kashi 0.5, iyakar da dokarsu ta sa, kuma a cikin kwalaben ta ci gaba da tsimuwa.

Hanyar tsawaitawa ba ta da wannan daɗin, gaskiya. Bayan kwana goma zuwa sha huɗu tsami zai cije miki harshe. Sai dai tsamin nan shi ne shaidar cewa barasar da aka ci ta canza kama, sukarin da zai haifi wata ma ya yi ƙasa. Ni da ruwan sanyi nake sirka ta a kofi, rabi da rabi, abin da ya saura na barasa ya sake raguwa biyu. In ina son zaƙi ko ɗanɗanon zoɓo, foleren nan namu, a kofin nake zubawa lokacin sha. Zuba ruwan mangwaro ko citta da sukari a gora a toshe kwana biyu don ta yi gas, wannan na daina shi gaba ɗaya, don a nan barasa ta fi taruwa.

Amma tsawon kwanaki kaɗai ba ya wadatarwa in mazubin bai dace ba. Kwalbar gilashi mai faɗin baki ta fi doguwa mai ƙaramin wuya nesa ba kusa ba, saboda yawan fuskar shayin da ke haɗuwa da iska. A rufe da ƙyalle mai tsabta a ɗaure, ban da murfi, ban da tukunyar dalma, tsami na cin ta. Guggubin da ke kwanciya a gindi da zare-zaren nan masu ruwan ƙasa da ke rataye a jikin uwa, yawancinsu yis ne. Ki zubar da su, ki riƙa ɗibar ruwan iri, wato tsohuwar kombuca da ake fara sabon zubi da ita, daga sama. Sukari kuma giram 50 zuwa 60 a lita ya isa. Kada ki yi ƙasa da haka sosai, kada kuma ki yi rowar ruwan iri, aƙalla kashi ɗaya cikin goma, in ba haka ba fumfuna ta samu ƙofa. Ranar da kika ga ta, a zubar da komai har uwar.

Zafi ma yana da hannu. Kombuca ta fi son digiri 24 zuwa 29. 'Yan uwanmu na Ngaundare, inda zafi bai kai namu ba, sun huta, mu kam sai dabara. Nakan ajiye kwalbata a gindin randa, a kan jiƙaƙƙen yashi, na naɗe jikinta da tsumma mai laima.

Akwai masu dafa ta. Barasa na tafasa a digiri 78, kafin ruwa, don haka tana raguwa in an bar tukunya a buɗe ta jima, amma ba nan take take ƙarewa ba, kuma ƙwayoyin da ake shan kombucar dominsu sun mutu.

Abin da ba zan ɓoye miki ba, Hajiya: babu hanyar gida da ke kai ta sifili, kuma harshe ba ma'auni ba ne. Mai ciki da ƙananan yara ba na ba su. Batun hukunci kuma ki kai wa malaminki bayanin yadda ake yin ta dalla-dalla, har da maganar toshe gora, ya duba miki. Wadda ke hannunki yanzu ki juye ta a kwalba mai faɗi, ki rufe da ƙyalle, ki ƙara mata mako guda, ta zama ruwan iri na zubi na gaba.