Zuwa Kallon Pillars: Ɗan Sahu, Motarka ko Shata?

Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, ba kasafai mai zuwa kallon ƙwallo yake lissafin kuɗin hanya ba. Lita tana ƙasa da naira 200 a lokacin. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Yanzu sau da yawa abin da magoyin bayan ƙungiyar Kano Pillars, wato Sai Masu Gida, zai kashe tsakanin gida da filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ya fi kuɗin tikitin shiga. Saboda haka kafin ka zaɓi abin hawa, ka lissafa zuwa da dawowa tare, musamman dawowar.

Ga wasan gida, wanda ke cikin Birni ko Fagge ko Sabon Gari ba shi da abin hawa da ya fi ƙafarsa. Ana take wasa da misalin ƙarfe 4 na yamma, a tashi dab da magariba, kuma a wannan lokacin mai tafiya a ƙasa kan riga mai mota fita daga cunkoson Ƙofar Mata.

Wanda ya fito daga Hotoro, Kurna, Naibawa ko Rijiyar Zaki kuwa, adaidaita sahu ce abin hawansa, tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013. Da zuwa babu matsala, ka biya kuɗin kujera kamar kullum. Da dawowa ne labari ke sauyawa: dubban mutane sun fito lokaci guda, ɗan sahu ya ga kasuwa, ya ce sai dai shata. Maganin abin biyu ne. Ko dai ku haɗu ku uku ku yi ciniki da mutum ɗaya tun da rana, ya kai ku ya dawo da ku, ko kuma ka taka ka yi nisa da bakin fili kafin ka tsayar da wani. Ni na biyun na fi so, domin ɗan sahun da ya samu lodi mai tsoka a wani wuri ba lallai ya tuna alkawari ba.

Motar kai ita ce mafi tsada idan kai kaɗai ne a ciki. Ga mai da za ta sha a tsaye cikin cunkoso, ga kuɗin masu gadin mota, ga fargabar madubi da gilashi ranar da wasa ya ƙare da rigima. Ba ta da riba sai an cika kujerun an raba kuɗin mai. Babur na kai ya fi ta sauƙi nesa ba kusa ba, matuƙar akwai inda za ka ajiye shi hankalinka kwance.

Tafiyar waje ce ke buƙatar lissafi na gaske, kuma ba sai wasan waje kaɗai ba, tunda an sha mayar da wasannin gida na Pillars zuwa Kaduna ko Katsina. Ɗauki filin Muhammadu Dikko na Katsina, kimanin kilomita 170 daga Kano, wato 340 zuwa da dawowa. A ce motarka tana shan lita 10 a kowane kilomita 100, lita 34 ke nan. Idan kai kaɗai ne, duka a kanka. Idan ku huɗu ne, kowa lita 8 da rabi. Bas mai kujera 18 ko da ta sha ninkin haka, rabon kowane mutum bai kai lita 4 ba. Wannan lissafin shi ne kuma na hayaƙi: man da aka ƙona saboda mutum ɗaya yana raguwa gwargwadon yawan waɗanda suka hau, kuma wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Mata bayan tashi daga wasa ya san yadda hayaƙin ke shaƙe maƙogwaro.

Motar tasha, daga Ƙofar Ruwa ko Unguwa Uku, tana da arha, amma sai ta cika take tashi, kuma bayan wasa kana iya isa tasha ka tarar an gama lodi. Nan sai kuɗin kwana da na abinci su shigo, arhar ta tafi. Shatar bas ta fi dacewa da ƙungiyar magoya baya, da sharuɗɗa: a karɓi kuɗin kowa kafin ranar, a yi magana a fili kan wa zai sayi mai, kuma a duba tayoyi da fitilu da ido, kada a wadatu da “lafiya lau take” ta direba. Idan an samu bas da aka mayar mai aiki da iskar gas ta CNG, kuɗinta ya kamata ya sauka, sai dai a tambayi direban inda zai sake cikawa, domin gidajen sayar da ita ba su yawaita a kan hanyoyin Arewa ba. Jirgin ƙasa na Kaduna zuwa Abuja, daga Rigasa zuwa Idu, yana da amfani idan wasan a Abuja ne, amma sai ka fara kai kanka Kaduna.

Abin da ban yarda a yi rowa a kansa ba shi ne tsaron hanya, musamman guje wa tafiyar dare. A Maris 2015 ’yan fashi sun buɗe wa motar ’yan wasan Pillars wuta a kan hanyarsu ta zuwa Owerri, suka raunata wasu daga cikinsu. Idan wasan a Jos ne ko Maiduguri ko kudu, a sa kuɗin masauki cikin lissafi tun farko, a kamo hanya bayan asuba.

A gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasashen Turai ta 2024 a Jamus, tikitin wasa ya haɗa da hawan bas da jiragen cikin gari kyauta na sa’o’i 36. A Kano tikiti ƙofar fili kawai yake buɗe maka, don haka ka ware kuɗin komawa gida a wani aljihu daban kafin ka sayi rake da ruwa.