Sharhi: Wata 18 ina karatun dokar ƙasa da ƙasa a Abuja

Shekara shida na yi ina aikin lauya a Abuja kafin na sake komawa aji, kuma wani Alhaji mai fataucin albasa da wake ne sila. Wata ranar Talata ya shigo ofishinmu da takarda a ninke cikin aljihun riga, rubutun Faransanci, da sa hannun wani ɗan kasuwa na Maradi da ya karɓi kaya ya yi shiru da kuɗi. Ya shimfiɗa ta a kan tebur yana gyara gefenta da yatsa, ya ce, "Barista, ga takarda, ga shaidu. Ni dai haƙƙina nake so." Na san hanyar kotunanmu tun daga majistare har Kotun Ƙoli, amma a ranar na ga ilimina a Jibiya ya tsaya. Wace doka ce ke hukunta wannan ciniki, wace kotu za a je, in an ci nasara a nan wa zai zartar a can? Abin ya tsaya mini a rai har na sayi fom ɗin digiri na biyu a fannin dokar ƙasa da ƙasa da kwatanta tsarin shari'a, a wata jami'a da ke nan Abuja, mai darasi Juma'a da yamma da kuma yinin Asabar.

Yanzu na gama, kuma tun da 'yan'uwa lauyoyi ke ta tambayata ko ya cancanci kuɗinsa da wahalarsa, ga abin da na gani. Ban yi da-na-sani ba. Sai dai akwai giɓi babba a manhajar, kuma zan zo kansa.

Darasin da ya fara kama ni shi ne na yarjejeniyoyi. Farfesan, dattijo mai magana a hankali, ya shigo ya tambaye mu: in Najeriya ta rattaba hannu a kan yarjejeniya a Geneva yau, gobe za ki iya tsayawa gaban alƙali a Maitama ki kafa hujja da ita? Rabin ajin suka ce e. Ya sa muka buɗe sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 muka karanta da baki: babu wata yarjejeniya tsakanin Najeriya da wata ƙasa da ke zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Daga nan ya ja mu zuwa shari'ar Abacha da Fawehinmi, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2000 kan tsare Gani Fawehinmi da aka yi a 1996. Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam ta samu shiga kotunanmu ne saboda an yi mata doka a 1983, amma duk da haka tana ƙarƙashin kundin tsarin mulki. Haka yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989: Najeriya ta amince da ita a 1991, sai a 2003 aka yi dokar, kuma kowace jiha sai da ta ɗauke ta da kanta. Na sha ganin takardun ƙara cike da sunayen yarjejeniyoyi kamar ado. Tun daga wannan Asabar ɗin nake fara duba ko an shigo da yarjejeniya gida kafin in ambace ta.

Inda na fi jin daɗi kuwa shi ne darasin kwatanta dokoki, ranar da aka bi salsalar Final Kod, wato dokar laifuka ta Arewa. Kullum da ita muke aiki a kotunan Abuja, amma ban taɓa tambayar daga ina ta fito ba. Ashe a 1958 gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, don a nemo dokar laifuka da Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba za su iya zama a ƙarƙashinta. Aka ɗauko ta Sudan, ita kuma ta Sudan jikar dokar Indiya ce ta 1860. Ta fara aiki a 1960, dab da samun 'yanci. Ta Kudu kuma asalinta dokar Queensland ce ta ƙasar Ostareliya ta 1899, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne a Arewa Turawa suka fara kafa ta a 1904, kafin a shimfiɗa ta a ƙasa baki ɗaya a 1916. Malamar ta raba mana sassan kisan kai na dokokin Indiya da Sudan da tamu a jere, muka bi su layi-layi, muna ganin inda aka kwafa da inda aka sauya don a dace da mutanen nan. Ni da na taso a Jos, inda zaman Musulmi da Kirista a ƙarƙashin doka ɗaya ba zancen littafi ba ne, wannan darasin ya shige ni sosai.

An yi mana Bakassi ma, kamar yadda ake yi wa kowa: Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a 1994, hukunci ya fito ranar 10 ga Oktoba 2002 bisa yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, aka kammala miƙa yankin a 2008. Wani ɗan ajinmu daga Borno ne ya tuna mana cewa hukuncin ya taɓa Tafkin Chadi, har Darak ta koma hannun Kamaru.

Amfanin yin wannan karatu a Abuja shi ne kotun ECOWAS tana nan a gari. Malaminmu ya kai mu zamanta sau ɗaya. Aka miƙa wa kowa abin sawa a kunne, alƙalai uku a sama, lauya na magana da Faransanci, muryar tafinta na biye da shi a kunnena da Turanci. Kafin mu je an sa mu karanta shari'ar Hadijatou Mani, 'yar Nijar da aka sayar tana da shekara 12 a 1996 a matsayin wahayya, wato baiwar da ake ajiyewa kamar mata ta biyar. Gwamnatin Nijar ta ce ba ta gama bin kotunan gida ba, kotun ta ce wannan ba sharaɗi ba ne a wurinta, domin tun gyaran da aka yi wa dokar kotun a 2005 mutum na iya kai ƙarar take haƙƙi kai tsaye. A watan Oktoban 2008 ta umarci Nijar ta biya ta sefa miliyan 10. Ina zaune a wurin ina tunanin wannan baiwar Allah, da kuma yadda ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairun 2025 ke shafar irinta masu neman wannan ƙofa.

To, ga giɓin. Kwas ne mai sunan kwatanta dokoki, amma kwatancen kusan duk Ingila ne da Amurka, sai ɗan leƙe zuwa Faransa da Jamus. Maƙwabtanmu Nijar da Chadi da Kamaru da Benin duk suna cikin OHADA, tsarin dokar kasuwanci na bai-ɗaya da aka kafa a 1993, mai ƙasashe 17 da babbar kotu a Abijan. Wannan shi ne abin da ya kawo ni, kuma minti ashirin aka ba shi a wata 18. Na ɗaga hannu na ce, "Farfesa, a gafarce ni, mutanenmu da Maradi da Damagaram suke ciniki, ba da Landan ba." Ya amsa da gaskiya cewa ba fanninsa ba ne, kuma yawancin rubuce-rubucen da Faransanci suke. Na girmama shi a kan wannan amsa, amma makarantar ce ya kamata ta nemo wanda fanninsa ne.

Shari'ar Musulunci ma haka aka yi mata. Lakca biyu, kamar wata baƙuwa daga nesa, alhali kundin tsarin mulkinmu ya tanadi kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a, kuma akwai ta a nan Abuja, ana hukunci da fiƙihun Malikiyya a kan aure da gado. An fara tarihin dokar ƙasa da ƙasa daga Turai ta ƙarni na 17, ba a ce uffan ba a kan babin fiƙihu da ake kira "siyar", inda malamai irin su Imam Shaibani, almajirin Abu Hanifa, suka yi bayanin sulhu da amana da haƙƙin jakadu da fursunonin yaƙi tun ƙarni na 8. Wannan ya yi mini ciwo, don ajin cike yake da masu iya karanta waɗannan littattafai a Larabcinsu.

Ta fannin gudanarwa sai haƙuri. Ɗakin karatu na rufewa da wuri ranar Asabar, ranar da mu ma'aikata muke da sarari. Mujallun intanet da aka ce kuɗinmu ya haɗa da su, zango guda cur lambar shiga ba ta aiki. Babi na biyu na kundina ya yi wata uku a hannun mai dubawa. Ga kuɗin makaranta ba kaɗan ba, ga zirga-zirga daga Kubwa da yammacin Juma'a bayan an tashi daga kotu.

Wanda ke son aiki a ma'aikatar shari'a ko ta harkokin waje, ko ƙungiyoyin kare haƙƙi, ko koyarwa, zai ƙaru ƙwarai. Wanda kuma cinikin kan iyaka ya dame shi kamar ni, ya nemi ganin manhaja kafin ya biya, ya tambayi wa ke koyar da me, kuma ya fara koyon Faransanci tun yanzu. Ni da kaina na shiga ajin dare, da ƙamus a gefe na rubuta kundina a kan hanyar saurin karɓo bashi a tsarin OHADA.

Shi kuwa Alhaji, dattawan kasuwa ne suka sasanta su tun ina zango na farko, ya karɓi abin da ya samu. Watan jiya ya dawo da wata sabuwar takarda, wannan karon bai sa hannu ba tukuna. Ya ce, "Barista, duba mini kafin in aika kaya." Na karanta ta da kaina, na ƙara layi biyu: dokar da za a bi in an saɓa, da kotun da za a je.