Zanzibar a watan Afrilu: sharhi kan kamfanin da ya shirya mana tafiya daga Sakkwato

Kamfanin shirya tafiye-tafiyen da na yi hulɗa da shi a nan cikin garin Sakkwato yake, kuma aikinsu na yau da kullum Umara ne da tikitin Dubai da Alƙahira. Yawon buɗe ido sabon layi ne a wurinsu, kuma hakan ya nuna a aikin. Ni da uwargida muka tafi Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, ta hannunsu a Afrilun 2025, bayan ƙaramar Salla. A taƙaice, wajen takardu da jirgi sun yi abin yabo. Wajen tsara abin da mutum zai yi bayan ya sauka kuwa, sun tsara mana tafiyar rani a tsakiyar damina.

Kowa ya san Afrilun Sakkwato. Zafi ya haura digiri 40, ruwan randa ma sai ya yi ɗumi, ga ɗauke wuta. Duk wanda aka ce masa ga teku ga iska a wannan watan ba zai tsaya dogon tunani ba. Da na tambayi yaron da ke kan tebur dalilin da ya sa farashin Afrilu ya faɗi ƙasa da na Agusta sosai, sai ya ce, "Alhaji, wanga lokaci baƙi ba su da yawa, shi ya sa. Akwai ɗan ruwa, amma ba shi hana komi." Rabin maganar gaskiya ne. Baƙi ba su da yawa saboda daga Maris zuwa Mayu ne babbar daminar tsibirin, wadda suke kira masika, kuma Afrilu ne tsakiyarta. Ruwan da ke sauka a can cikin wannan wata ɗaya yakan kai kusan rabin abin da Sakkwato ke samu a shekara guda. Suna da wata ƙaramar damina kuma wajen Nuwamba da Disamba. Wanda ke sayar da tafiya zuwa wuri ya kamata ya san wannan, ya kuma faɗa wa mai saye dalla-dalla. "Ɗan ruwa" ba bayani ba ne.

Bari in fara da inda suka ƙware. Ɗan Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi; yana cikin waɗanda sai an nemi izini tun daga gida, a jira amincewar hukumar shige da ficen ƙasar, kuma jiran na iya ɗaukar makonni. Kamfanin ya san da haka, ya sa muka fara da wuri, ya kuma hana mu biyan kuɗin tikiti sai da amsa ta fito. Su suka tuna mana katin rigakafin cutar shawara, wanda ake nema daga duk wanda ya taso daga ƙasa irin tamu. Su kuma suka biya mana inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa baƙi tun 1 ga Oktoban 2024, dala 44 kowane mutum, suka buga mana shaidar a takarda. A filin jirgin Abeid Amani Karume na Zanzibar na ga mutane tsaye a gefe suna fama da waya suna neman biya, mu kuwa muka wuce. Hanyar ma sun tsara ta da hankali: daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa Abuja, muka kwana, sannan jirgin Ethiopian Airlines ta Addis Ababa. Kwanan Abujan nan da farko na ɗauka ɓarnar kuɗi ce, amma duk wanda ya san yadda jiragen cikin gida ke sauya lokaci zai gane hikimar. Direban da zai ɗauke mu yana nan riƙe da takarda mai sunanmu. A nan ba ni da ƙorafi ko ɗaya.

Matsalar ta fara ne daga jadawalin. Takarda ce mai kyau, kowace rana da abinta, da ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, kuma an biya kuɗin komai tun daga Sakkwato. Kusan rabin abubuwan cikin kwalekwale ake yinsu. Tafiya tsibirin Changuu, inda manyan kunkuru suke, an ɗaga ta, aka sake ɗagawa, daga ƙarshe masu jirgin suka ce teku bai kwanta ba. Ban ga laifinsu ba, rai ya fi kallon kunkuru. Amma da na kira ofishin a gida kan batun kuɗin, sai aka ce an riga an tura wa abokan hulɗarsu na can, kuma babu sharaɗin mayarwa a yarjejeniya. Har yau maganar tana nan a "za mu duba, Alhaji."

Masaukin bakin teku da suka zaɓa mana a gabashin tsibirin shi ma haka. Ɗakin yana da tsabta, da gidan sauro, ma'aikatan kuma mutanen kirki ne. Sai dai otal-otal da yawa a can sukan rufe ko su rage aiki a watannin nan don yin gyare-gyare, namu kuma rabinsa ne a buɗe. Ɗakin cin abinci ɗaya ke aiki, ana buga guduma a ɗaya ɓangaren tun safe. Hanyar da ta ratse daga kwalta zuwa ƙofar otal ta zama tafki, mota sai ta lallaɓa. A gabar gabas kuma in ruwan teku ya janye yakan yi nisa ƙwarai, sai ka ga fili fetal da mata suna aikin ciyawar teku da suke nomawa. Abin kallo ne, amma wanda ya zo don wanka a teku sai ya bi jadawalin cikowa da janyewar ruwa, kuma ba wanda ya gaya mana. A arewa, wajen Nungwi, ruwan ba ya janyewa haka. Da kamfanin ya san wurin, da can ya kai mu, ko kuma ya bar mu a cikin gari.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba ruwan saman ba ne, laimar ce. Mu a nan ka wanke riga da hantsi, kafin azahar ta bushe ƙayau. A can uwargida ta shanya hijabi a baranda, washegari yana nan da danshinsa, har ya fara wari. Shaddar da na sa aka yi wa guga mai kyau a gida ta yi laushi tun kafin in sa ta. Takalmina na fata kuwa, irin ɗinkin garin nan, na bar shi a ƙarƙashin gado, da na jawo shi fumfuna ta yi masa fari a madauri. Wanda zai je a wannan lokaci ya ɗauki yadi mara nauyi mai saurin bushewa, silifas na roba, lema, da leda mai zif don fasfo da waya. Layi biyu a takardar kamfanin da sun wadatar a kan wannan, amma abin da suka rubuta shi ne mu taho da tabarau na rana.

Duk da haka kada a ɗauka ruwan ya ɓata tafiyar. Ba kullum yake wuni yana zuba ba. Sau da yawa yakan sauko da ƙarfi da safe ko cikin dare, sannan gari ya washe na wasu sa'o'i, ko da yake akwai ranar da bai ɗauke ba sam. Kuma mutumin Sakkwato da ya baro zafin bazara ba zai yi fushi da hadari ba. Uwargida kan zauna a baranda tana kallonsa kawai.

Ranakun da muka fi jin daɗi su ne na tsohon gari, Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lunguna ne ƙanana, wasu mota ba ta shiga, da gidaje masu hawa da ƙofofin katako masu sassaƙa. Sarkin Oman Sayyid Sa'id ne ya mayar da fadarsa nan daga Maskat a wajen 1840, kuma hannun Larabawa da Indiyawa yana nan a ginin da abincin. In ruwa ya sauko, lungunan nan sukan koma magudana, ruwa har idon sawu. A jikin gidajen akwai dakali na dutse da suke kira baraza, kamar dakalin ƙofar gida da dattawa ke zama a kai a unguwanninmu, sai na ga mutane sun hau shi suna tafiya a kai daga gida zuwa gida, ƙafa ba ta taɓa ruwa ba. Muka bi sahu. A wani lungu muka fake wajen mai gahawa, ana zuba ta a ƙananan kofuna daga butar da ke kan garwashi, ga wani dattijo da ya ji mun ce daga Najeriya muke ya shiga tambayarmu labarin Kano. Masallaci kuwa ko'ina, kiran salla na iske ka duk inda kake, abinci halal ne ba sai ka yi ta tambaya ba, kuma mace mai hijabi ba baƙuwa ba ce a titi. Ga iyali daga nan, wannan babban abu ne. Kasuwar dare ta Forodhani ce kawai ta ɗan yi sanyi, masu gashin kifi kan tattara in hadari ya haɗu.

Gonar kayan ƙamshi ita ce abu ɗaya a jadawalin da damina ta ƙara wa armashi. Komai kore shar. Kanumfarin da muke saye a ƙulle a kasuwa na gan shi a bishiyarsa, aka ɓare mana ɓawon kirfa daga jikin itace, masoro yana nannaɗe da wata bishiya yana hawa. Yaron da ke zagayawa da mu ya yanko ganyen ayaba ya miƙa wa uwargida ta rufe kai. Dajin Jozani ma mun samu shiga, muka ga jan birin nan da ba a samunsa ko'ina sai Zanzibar, sai dai taɓo ya yi yawa kuma sauro na nan, don haka a tafi da maganin shafawa.

Ga wanda ke son teku da kwalekwale da rana, watanninsa su ne Yuni zuwa Oktoba, lokacin da can ya bushe kuma iska ke da sanyi. Sai dai farashi ya fi tsada, kuma ya faɗo daidai daminarmu, wanda ke da gona ba zai so barinta ba. Wanda kuma burinsa ya huta daga zafin Afrilu, ya ci abinci mai kyau, ya zaga tsohon gari ba cunkoso, kuma aljihunsa bai yi nauyi ba, masika ba za ta cuce shi ba, in dai ya yi yawancin kwanakinsa a cikin gari kuma bai ɗaure kansa da jadawali ba.

Kamfanin kuwa zan sake ba su aikin biza da tikiti ba tare da shakka ba. Masauki zan nemi su tambayo mini a rubuce ko otal ɗin a buɗe yake gaba ɗaya a watan da zan je. Kuɗin yawon kwalekwale kuma ba zan sake biya daga Sakkwato ba, sai na isa na ga yadda gari ya waye, in biya mai jirgi hannu da hannu da shilin ɗin Tanzaniya.