Magani ɗaya muka sha ni da muzuruna: sharhi kan amoksisilin mai haɗin kilabulanik

Wake nake sayarwa a kasuwar Mile 12, gidana kuma yana Agege. Duk wanda ya taɓa ajiye buhun hatsi a Legas ya san ɓerayen garin nan ba irin na gida ba ne, wani idan ya gifta maka da dare sai ka rantse gafiya ce. Shi ya sa shekara uku ke nan ina da muzuru a sito. Ruwan ɗorawa ne mai ratsin duhu a gadon baya, yaran kasuwa suka laƙaba masa Danfo, sunan motocin hayar Legas masu irin wannan launi, sunan kuma ya bi shi. Tun zuwansa ban ƙara ɗinke buhu saboda ɓarnar ɓera ba.

A tsakiyar daminar da ta wuce ya ɓace kwana biyu. Da ya dawo, kuncinsa na hagu ya kumbura kamar ya ƙunshe goro, wurin ya yi zafi rau, ko kan kifi aka ajiye masa sai ya kau da kai. Yaron shagona ya ce: "Oga, faɗa ya yi da wani muzurun. A daka masa farasitamol a madara, a fasa kafso a barbaɗa a wurin, gobe zai miƙe."

Ba zan ɓoye ba, nima ra'ayina ke nan. A durowar teburina akwai ragowar kafso kala-kala da na saya a hannun masu talla a tasha. Mu nan ba ma kiran magani da sunansa, da launinsa muke kiransa: ba ni ja da yalo guda huɗu, ba ni ja da baƙi na kwana biyu. Ciwon ciki, mura, kasala, duk kafso. Abin da ya ceci Danfo shi ne ya maƙale a bayan buhuna ya ƙi kamuwa. Kafin mu kamo shi wani maƙwabcina mai harkar shanu a Abbatuwa ta Oko-Oba ya zo wucewa, ya ce mu bar wannan shirme, ya kwatanta mini wata likitar dabbobi a ɓangarenmu na Agege. Haka na sa muzuru a kwandon tumatir, na rufe da buhu, na hau mota ana ta kallona.

Likitar Bayarabiya ce, mai haƙuri. Abu na farko da ta yi shi ne ɗora shi a sikeli: kilo 4 cif. Sannan ta yi masa allurar da ta kwantar da shi, ta aske gashin kuncin, ta tsaga, mugunya ta fito mai warin da har yanzu in na tuna sai na tofar da yawu. Ta nuna mini wasu ƙananan huji biyu, ta ce haƙoran kyanwa kamar allura suke, suna shiga da zurfi su bar ƙwayoyin bakteriya a ciki, fata ta rufe a kansu nan da nan, sai maruru ya taru. Ta ce fitar da mugunyar nan shi ne rabin aikin, domin magani ba ya ratsa tarin mugunya yadda ya kamata. Da na ba ta labarin farasitamol sai ta dafe kai. "Alhaji, da ka ba shi, da gawarsa ka kawo mini." Ashe hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Ta rubuta masa Synulox, ƙwaya mai miligiram 50, ɗaya da safe ɗaya da yamma, kwana 7. Lissafin da nauyi ake yinsa, miligiram 12.5 ga kowane kilo, shi ya sa sikeli ya zo kafin alƙalami.

Ba wa muzuru ƙwaya kuwa ba ƙaramin yaƙi ba ne. An ce maganin an yi shi da ɗanɗanon da dabba za ta so, to Danfo bai ji wannan labarin ba. Rana ta biyu na danne shi na tura yatsa don in cusa masa ƙwayar can ciki, sai ya kafa mini haƙora a gindin babban yatsa. Jini kaɗan ne ya fito. Na ɗauraye da ruwan leda, na ci gaba da awon wake.

Da asuba hannun ya kumbura, ya yi ja, yana zuga kamar ana kaɗa ganga a ciki, alwala ma da ƙyar na yi. Na buɗe jaka zan laluɓi kafso, uwargida ta riƙe jakar. "Alhaji, ka kai kyanwa wurin likita, kai kuma ka tsaya kana yi wa kanka tsibbu? Wallahi asibiti za ka." Ban da amsa. Na tafi.

Likitan da ya duba ni ya fara da tambayar ko penisilin ya taɓa sa mini borin jini, ko kumburin fuska, ko sarƙewar numfashi. Na ce a'a. Ya ce da ya taɓa, da ba zai rubuta wannan maganin ba sam, domin dangi ɗaya ne, kuma ga wanda jikinsa ba ya karɓa abin yana iya kaiwa ga rasa rai. Ya yi mini faɗa kan ruwan leda: cizon dabba da sabulu da ruwa mai gudu ake wanke shi, har kamar minti 15. Aka yi mini allurar tetanos. Da ya ji Danfo ba a taɓa yi masa rigakafi ba kuma yawo yake, sai ya sa aka fara mini allurar rigakafin haukan kare, ya ce kada in ɗauka ƙwayar da zai rubuta za ta tsare ni daga wannan, domin haukan kare bairos ne, antibayotik ba shi da iko a kansa. Ƙwayar cutar da ta kumbura hannun, in ji shi, mai yiwuwa wadda ake kira Pasteurella ce, tana zaune a bakin kyanwa, kuma saurin tashinta cikin kwana ɗaya shi ne alamarta.

A famasi aka miƙo mini kwali, na karanta abin da ke ciki, sai dariya ta kama ni. Amoksisilin da kilabulanik asid. Abin da ke rubuce a jikin maganin Danfo ke nan. Nawa miligiram 625 ne, wato 500 na amoksisilin da 125 na kilabulanik. Nasa 50, wato 40 da 10. Haɗi iri ɗaya, huɗu bisa ɗaya, amma ƙwayata guda ta kai tasa goma sha biyu da rabi. Mai awo ne ni, wannan lissafin ya fi kowace nasiha shiga kaina. Da na fasa masa kafson mutum mai 500 yadda muka yi niyya, da na zuba masa abin da ya ninka awonsa fiye da sau goma.

Mai famasin ya ɗan yi mini bayani, sauran na bi na karanta da kaina ina jinyar hannu. Bakteriya tana da katanga da ta kewaye ta, amoksisilin kuma hana ta gina katangar yake, sai ta fashe ta mutu. Jikin mutum da na kyanwa ba su da irin wannan katanga, shi ya sa maganin yake samun ƙwayar cutar ya bar mai ita. To wasu bakteriya sun samo dabara, suna fitar da wani sinadari da ke lalata amoksisilin kafin ya iso. Aikin kilabulanik shi ne ya tare wannan sinadarin ya riƙe shi, kamar ka jefa wa kare ƙashi ka samu ka wuce. Tushen abin penisilin ne da Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928. Kamfanin Beecham na Ingila ya fito da amoksisilin kasuwa a 1972, haɗin da kilabulanik kuma ya biyo baya a 1981 da sunan Augmentin, sunan da har yau mutanenmu ke kiran kowane irinsa da shi.

Yanzu ga abin da na gani.

Aiki dai yana yi. An ce in sha sau uku a rana, tazarar awa takwas-takwas, kwana 7. Na ɗaura shi da bayan sallar asuba, bayan azahar, da lokacin kwanciya, haka ya fi mini sauƙin tunawa. A rana ta biyu zugin ya ragu, a ta uku jan ya fara ja da baya, a ta huɗu ina iya riƙe mudu. Danfo ma a kwana na uku ya koma cin kifi, a na biyar na same shi a kan buhu yana lasar ƙafa. Na kuma koyi darasi: sai in naɗe shi da tsohon zane, kai kaɗai a waje, ko in tura ƙwayar cikin ɗan yankin kifin gwangwani.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne ciki. Ranar farko na haɗiye shi ba komai a cikina, tashin zuciya ya bi ni har Ketu. Da na koma shansa da loma ta farko ta abinci sai abin ya lafa, amma gudawa ba ta bar ni ba sai da na gama. Ba mai tsanani ba ce, sai dai wanda ke bin hanyar Agege zuwa Mile 12 cikin cunkoso ya san ko 'yar kaɗan ma ba ƙaramar fitina ba ce. Likita ya ce in ta yi yawa ko na ga jini, ko ƙuraje suka feso, in dawo nan take. Ƙwayar kanta ƙatuwa ce, sai da ruwa cikin kofi. Shi ma Danfo kashinsa ya yi laushi kwana biyu.

Sai tsada. Tun da GSK, kamfanin da ke yin Augmentin, ya sanar a 2023 cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya, ga kuma faɗuwar naira, Augmentin ya fi ƙarfin aljihun mutane da yawa. Ni na wani kamfani na saya, mai sinadari iri ɗaya, farashinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma shi ne ya warkar da ni. Amma a famasi mai rajista na saya, na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, na kankare wurin da aka rufe a kwalin na tura lambar ta waya, amsa ta dawo cewa na gaskiya ne. Maganin da ya yini a faranti cikin rana da damshin Legas, ko na gaskiya ne, ba na jin zan ƙara sa shi a bakina.

Jarrabawar gaske a rana ta huɗu ta zo. Hannu ya sauka, gudawa tana damuna, zuciya ta ce ajiye sauran don wata rana, ai kuɗi ne. Haka na saba, haka kuma durowata ta cika. Uwargida ce ta riƙa ƙirga ƙwayoyin a kwali kamar mai ƙirga kuɗin adashe, dole na shanye. Fleming kansa, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, ya yi gargaɗin cewa wanda ya sha penisilin ƙasa da awo zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi muni shi ne namu, Afirka ta Yamma. Da na karanta wannan, kafson da na sha don mura ne suka faɗo mini a rai. Mura bairos ce, maleriya kuma wata halitta ce daban da sauro ke kawowa, duka biyun amoksisilin ba ya taɓa su. Shekaru ina zubar da kuɗi, ina kuma horar da ƙwayoyin cutar da ke jikina.

Akwai wani abu da nake so masu kiwo su ji. Ɗan maƙwabcinmu a Agege yana kiwon zomaye, ɗaya ya yi ƙurji, ya ji labarin Danfo ya zo: "Baba, ko da ragowar maganin nan?" Babu ragowa, amma na buga wa likitar waya. Ta ce kul, kada a ba zomo amoksisilin ta baki. Yana kashe ƙwayoyin amfani da ke hanjinsa, miyagu su samu fili su yi dafi, zomo ya kama zawo ya mutu. Maganin da ya tashi kyanwa da mai kyanwa, ga zomo ajali ne. Yaron ya kai nasa aka duba aka ba shi wani daban.

In aka tambaye ni ko zan ƙara sha, zan sha, idan likita ya duba ya rubuta. Ga cizon kyanwa da ya kumbura ban ga abin kushewa a aikinsa ba, cikin ne kawai ya sha wahala, aljihu kuma ya ji a jikinsa: abin da na kashe a kaina da Danfo a makon nan ya kusa cin ribar buhu guda. Durowar kuwa na kwashe ta na kai wa mai famasi ya zubar yadda suke yi.

Da muka koma a duba kuncin, an yi wa Danfo rigakafin haukan kare. Likitar ta ce muddin ba a fiɗiye shi ba zai ci gaba da fita neman mata da faɗa, kuma za mu sake dawowa da wani marurun. Yaron shago ya rantse in aka fiɗiye shi zai yi ƙiba ya daina kama ɓera, ita kuma ta ce farauta ba ta da alaƙa da wannan. Har yanzu ba mu yanke ba. Shekaranjiya da dare ma na ji ihunsu a kan rufin sito, da safe na ɗaga shi na laluba kunci da wuya da gindin wutsiya, ban samu huji ba.