Tsohuwar Sandar Sinuka Mai Araha: Wane Gyara Ne Ya Cancanci Kuɗinka?

Mai wasan sinuka da ya gaji da ɗaukar sandar gidan wasa, wadda kowa ke riƙewa ya jingine a bango, yakan tsaya tsakanin sayen sabuwa mai tsada da neman tsohuwa ta gwanjo ya gyara ta daidai da hannunsa. A ganina hanya ta biyu ta fi dacewa da yawancin masu wasa, muddin mutum ya san inda zai fara zuba kuɗinsa. Amfanin gyara yana taruwa ne a bakin sanda, wato wajen da ke taɓa ƙwallo, kuma yana raguwa yayin da ake gangarowa zuwa gindinta, alhali kuwa masu saye da yawa daga gindin suke farawa saboda a nan ado yake.

Kafin a yi ciniki, sai a fara tantance teburin da za a riƙa wasa a kansa, domin teburan da muke kira na sinuka a garuruwanmu ba iri ɗaya ba ne. Ƙwallayen teburin Amurka faɗinsu milimita 57 ne da ɗoriya, kuma sandar da aka yi dominsu takan kai inci 58 a tsayi, nauyinta tsakanin oza 18 zuwa 21, wato kusan giram 510 zuwa 595, bakinta kuma yana kusa da milimita 13. Ƙwallayen sinuka ta ainihi milimita 52.5 ne, bakin sandarsu kuma tsakanin milimita 9.5 zuwa 10. Ƙananan teburan Ingila masu ƙwallaye ja da rawaya sun fi su duka ƙanƙanta, farar ƙwallonsu ba ta kai inci biyu ba, shi ya sa bakin sandarsu yakan tsaya a milimita 8 zuwa 9. Wanda ya ɗauki siririyar sanda ya riƙa dukan manyan ƙwallaye da ita zai wahalar da bakinta, wanda kuma ya kai mai kauri kan ƙananan ƙwallaye ba zai ga daidai inda yake bugawa ba. Babu gyaran da zai mayar da wannan ta zama waccan ba tare da ɓarna ba.

Abu na gaba shi ne itacen kansa, kuma a nan ne ake cin riba ko a yi asara. Sandunan Amurka galibi da itacen meful ake yin gabansu, fari ne mai santsi, na Ingila kuma da itacen ash mai jijiyoyi a bayyane. Duka biyun suna jure shekaru. Akwai kuma masu arhar gaske da ake yi da itacen ramin, waɗanda sau da yawa bakinsu na ɗaurawa ne kamar noti. Irin waɗannan gara a bar su inda suke, ko da kyauta aka bayar. Idan sandar mai gaɓa biyu ce, a mirgina kowane ɓangare shi kaɗai a kan tebur, sa'an nan a haɗa su a sake mirginawa, a kuma ɗaga ta zuwa ido a juya ta a hankali ana duban tsayinta. Ɗan karkata kaɗan a gindi ba ya hana wasa, amma lanƙwasar da ke gaba, kusa da baki, aibi ne da ba ya warkewa: ana iya miƙar da itacen na ɗan lokaci, sai dai yakan koma yadda yake, musamman a ƙasar da iskar hunturu ke busar da katako, damina kuma ta sake kumbura shi. Tsagewa a kusa da mahaɗa ita ma dalili ce ta fasa ciniki. Datti, dushewar fenti, ɗan lotsawa da mataccen baki kuwa dalilai ne na neman ragi kawai, domin duk suna gyaruwa.

Idan itacen ya tsira, fatar baki ce farkon abin sauyawa, kuma ita ce mafi arha cikin duk gyare-gyaren da ke canza yadda sanda ke bugu. Tun farkon ƙarni na 19, lokacin da wani Bafaranshe mai suna François Mingaud ya yi fice da manna fata a bakin sanda, wannan ɗan guntu shi ne ke ba mai wasa ikon sa farar ƙwallo ta dawo baya ko ta juya gefe. Yau zaɓi ya kasu gida biyu. Akwai fata mai falle ɗaya, irin su Elk Master, Le Pro da Triangle, waɗanda kamfanin Tweeten na birnin Chicago ke yi, akwai kuma mai falle-falle da aka manne wuri guda, irin su Moori da Kamui na Japan, ko Tiger na Amurka. Elk Master mai laushi ce, tana riƙe alli sosai, ita ce kuma masu sinuka ta ainihi suka daɗe suna amfani da ita, sai dai tana saurin bajewa ta gefe, don haka tana bukatar a riƙa datse ta ana gyara siffarta. Le Pro da Triangle sun fi tauri, sun fi daɗewa, bugunsu kuma yana da ƙara mai kaifi. Matsalar masu falle ɗaya ita ce ba a cika samun biyu da suka yi daidai ba ko a kwali guda, shi ya sa masu manna su sukan zaɓa su ajiye wasu a gefe.

Masu falle-falle sun fi riƙe siffarsu, kuma taurinsu ba ya bambanta sosai daga wannan zuwa wancan, amma kuɗin ɗaya yakan sayi masu falle ɗaya da dama, ga shi kuma ana yawan yin jabun manyan sunayen. Akwai wani abin da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya biya: yawancinsu da fatar alade ake yin su, har da Moori da Kamui, alhali masu falle ɗaya galibi daga fatar shanu ko ta ɓauna suke. Wanda wannan ya dame shi sai ya tsaya a kan masu falle ɗaya, kuma ba zai yi wata asarar kirki ba. Ga sandar gwanjo, shawarata ita ce a fara da mai falle ɗaya mai matsakaicin tauri, a yi wasa da ita har a gane ko an fi son laushi ko tauri, kafin a yi tunanin mai tsada. Bakin roba mai ƙarfi da ake kira fenolik kuwa na sandar fasa ƙwallaye ne a bugun farko, bai dace da sandar wasa ba.

Manna bakin aiki ne da mutum zai iya yi da kansa. A yanke tsohon da reza, a goge wurin ya kwanta sosai, a ɗan kankare bayan sabuwar fatar da sanfefa, a sa gam mai saurin kamawa, wanda mai kauri ya fi mai ruwa, a danne har ya bushe. Fatar ta ɗan fi bakin faɗi, domin a datse ta daidai daga baya. Lanƙwasar samanta kuma ta zama kamar gefen ƙaramin kwabo. Mai tudu sosai yana taimaka wa juya ƙwallo, mai ɗan faɗi yana yafe kuskuren hannu.

A ƙarƙashin fatar akwai zoben da ke kare itace daga tsagewa, na tagulla a sandunan Ingila, na farar roba a na Amurka. Idan bai tsage ba kuma ba ya motsi, a goge shi a bar shi. Idan yana ƙara kamar wani abu ya saki a lokacin bugu, dole a sauya, kuma wannan aikin mai injin juya itace ne. Gajere mara nauyi ya fi, saboda duk nauyin da ke bakin sanda yana ƙara ture farar ƙwallo daga hanyarta idan an buge ta a gefe.

Wannan turewar ce ta haifar da zaɓi mafi tsada, wato sauya ɓangaren gaba na sandar da sabo gaba ɗaya. Kamfanin Predator ya fito da gabansa mai lamba 314 a shekarun 1990, wanda aka rage wa nauyin baki, daga baya kuma a 2016 ya kawo Revo na zaren kabon, wanda zafi da laima ba sa lanƙwasa shi. Kayan suna da kyau, amma kuɗin irin wannan gaban yakan ninka na tsohuwar sandar sau da yawa, kuma sai zaren mahaɗarsa, wato haƙoran notin da ke ɗaure gaɓoɓin biyu, ya dace da na gindin. Zaren ba iri ɗaya ba ne: akwai 5/16x18, akwai 5/16x14, akwai 3/8x10, akwai Uni-Loc da Radial, sandunan arha da yawa kuma suna da nasu zaren da bai dace da ko ɗaya ba. Wanda bai fara buga ƙwallo a gefe da gangan ba, ba zai ji bambancin da ya biya kuɗi dominsa ba. Abin da ya fi masa shi ne ya tsabtace gaban da yake da shi: ya goge da tsumma mai ɗan danshi, ya busar nan take, ya ɗora ɗigon ruwa a kan lotsawa har itacen ya taso, ya murza da guntun fata ko takarda har ya yi santsi. Sanfefa mai kaushi ita ce ta kashe sanduna da yawa, domin abin da ta ci ba ya dawowa. Haka ma rage kaurin gaba domin ya zama bai ɗaya a inci goma zuwa goma sha biyar na farko, yadda masu wasan Amurka ke so. Yana daɗi a tsakanin yatsu, amma a hannun wanda bai ƙware ba sandar takan fito da rauni.

Nauyi ya fi sauƙin sha'ani. Yawancin sandunan Amurka masu gaɓa biyu suna da dogon noti a cikin gindi, bayan robar ƙasa, wanda ake cirewa ko a sauya da wani. Oza 19 wuri ne mai kyau na farawa. Ya kamata a lura cewa nauyin da aka ƙara a can ƙarshe yana ja da ma'aunin sandar baya, har bakinta ya riƙa neman tashi daga kan yatsu, alhali a sanda mai inci 58 an fi son ta daidaita a wajen inci 18 zuwa 19 daga gindi. Dokar hukumar wasan ta duniya, WPA, ta hana sanda wuce oza 25 ko bakinta ya wuce milimita 14, iyakar da mai gyara na hankali ba zai kusanta ba. Dogon mutum da hannunsa ke kaiwa ƙarshen sanda zai fi amfana da ɗan ƙari na inci biyu ko uku a gindi fiye da ƙarin nauyi.

Naɗin marikin shi ne na ƙarshe, kuma gumi ne ke yanke hukunci a kansa. Zaren lilin yana shan gumi, shi ya sa ya dace da zafin bazara, sai dai naɗa shi da danne shi yana bukatar inji. Fata ta fi shi tsada da taushi, amma tana santsi idan hannu ya jiƙe. Rigar roba da ake zurawa ita ce mafi arha, tana kama hannu da kyau, tana kuma ciruwa idan ba a so, don haka da ita ya kamata a gwada kafin a yanke tsohon naɗi. Sabon fenti da ƙyalli ba sa ƙara wa bugu komai, kuɗinsu gara a sayi jaka mai tauri da shi, a daina jingine sandar a bango ko barin ta a bayan mota cikin rana.