Shafukan wasanni na Wikipedia: inda ake musu da inda babu mai musu

A gidajen kallon ƙwallo na Gusau da Ƙauran Namoda, idan gardama ta yi zafi a kan shekarun ɗan wasa ko yawan ƙwallayen da ya ci, waya ake zarowa a buɗe Wikipedia domin ta raba. Kyauta ce, babu talla a cikinta, kuma ba ta cinye data. Sai dai ita ma mai raba gardamar, gardama ake yi a cikinta kullum, kuma a ganina wannan ne mafi amfanin abin da take bai wa mai karatu.

Kowane shafi yana da tarihin gyare-gyare, inda ake ganin wanda ya sauya lamba da wanda ya mayar da ita da dalilin da kowannensu ya kawo. A ɗauki wasan Najeriya da Aljeriya na watan Nuwamban 2017 a birnin Constantine. An tashi ɗaya da ɗaya a fili, amma daga baya FIFA ta ba Aljeriya nasara da ci 3 da nema, saboda Najeriya ta saka Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, alhali yana da dakatarwar katin gargaɗi. Wanda ya kalli wasan zai rubuta 1-1, wanda ya karanta hukuncin zai goge ya sa 3-0, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Wannan wasan yana cikin abin da ya jawo saɓani a 2021 tsakanin lissafin hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, da na FIFA a kan ko Ahmed Musa ya cika wasa 100 a Super Eagles. Shafin da aka yi ja-in-ja a kansa yakan ƙare da kawo sakamakon biyu tare da bayani, abin da mai rubutu shi kaɗai ba lalle ne ya damu da yi ba.

Akwai kuma linzami. A sashen Turanci, wanda ya mayar da gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 yana iya fuskantar dakatarwa, kuma masu kula sukan kulle shafin ɗan wasa a lokacin cinikin 'yan wasa, lokacin da magoya baya ke rige-rigen sauya masa kulob tun kafin a sa hannu a takarda.

Raunin Wikipedia yana wurin da babu mai jayayya. Da yawa daga shafukan wasanni na sashen Hausa fassara ce daga Turanci, wadda aka yi sau ɗaya aka bari, har ɗan wasa ya sauya kulob shafin bai sani ba. Ƙa'idar kawo hujja rubutacciya, wadda ke kashe jita-jita a ƙwallon Turai, ita ce kuma ke tauye wasanninmu, domin tarihin damben Shago da Ɗandunawa, da karawar ɓangarorin 'yan dambe na Kudu da Arewa da Guramada, yawancinsa a bakin makaɗa da tsofaffin 'yan kallo yake, ba a jarida ba. Ko Zamfara United, da ta taka leda a babbar gasar Najeriya, abin da aka rubuta a kanta bai kai na ƙaramin kulob a Ingila ba.

Ina ba da shawarar a yi amfani da Wikipedia a kan gasar Firimiya ta Ingila da Super Eagles, da sharaɗin a duba tarihin shafi a ga ranar gyara na ƙarshe. A kan dambe da kokawa da kulob ɗin gida kuwa, har yanzu tsohon ɗan kallo ya fi ta sani.